Kama da Wane Ba Ta Wane: Wane Kibod Ne Zai Yi wa Tsohuwar Kwamfutarka?

Duk wanda ya taɓa ɗauko kwamfutar shekarun 1980 daga sito, ya kaɗe mata ƙura, ya jona wuta ya ji fanka ta tashi, ya san daɗin wannan lokacin. Sai ya soka kibod, fulogi ya shige lafiya lau kamar don shi aka yi ramin, amma allo ya nuna lamba 301 ya tsaya cak. A kwamfutocin IBM, 301 na nufin akwai matsala a ɓangaren kibod. Mafi yawan mutane sai su yanke hukunci cewa kibod ɗin ya mutu, su jefar da shi. Ina jin zafin wannan ƙwarai, domin sau da yawa lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru kawai shi ne, yarensa daban, yaren kwamfutar daban.

Kafin kibod da kwamfuta su yi aiki tare, sai abu uku sun dace: siffar fulogi, abin da kowace ƙafar fulogin ke ɗauke da shi, da kuma yaren da suke magana da shi ta cikin waya. Na farkon ne kawai ido ke gani, shi ya sa shi ne ke yaudarar mai saye. Na biyun shi ne mai ƙona kaya. Na ukun kuwa shi ne ya raba gidan IBM gida biyu, kuma a nan ne zan fi daɗewa, don nan ne yawancin masu zaɓe ke tuntuɓe.

Gidan IBM: fulogi ɗaya, yare biyu

IBM ta fitar da kwamfutarta ta farko ta mutum ɗaya, samfurin 5150, a ranar 12 ga Agusta 1981. Ta zo da kibod mai maɓallai 83, wanda aka sani da Model F. A watan Maris 1983 aka fitar da XT, samfurin 5160, da kibod iri ɗaya, shi ya sa har yau ake kiran wannan yare da sunan XT. Fulogin wani zagayayye ne babba da ake kira DIN, mai ƙafa 5 da aka jera kamar rabin wata. Ƙafa ta 1 ce ke ɗauke da bugun agogo da ke daidaita aikawa, ta 2 ke ɗauke da saƙon kansa, ta 4 ita ce ta ƙasa, ta 5 kuma ita ce wuta mai ƙarfin bolt 5. Ta 3 an ware ta don farfaɗo da kibod, amma daga baya aka daina amfani da ita.

A tsarin XT, kibod mai magana ne, ba mai sauraro ba. A cikinsa akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa, Intel 8048, wadda ke lura da maɓallin da aka danna ta aika lambarsa. A ɓangaren kwamfuta kuwa babu wani mai wayo da ke jira, sai wani ɗan aisi, wato ƙaramin guntun lantarki, da ke tara ɗigon saƙo har su cika takwas, sannan a sanar da babbar ƙwaƙwalwa ta zo ta ɗauka. Kwamfutar ba ta da hanyar ba kibod umarni, in ban da ta riƙe layin agogo na ɗan lokaci don ya farfaɗo. Wannan ne dalilin da ya sa asalin kibod ɗin XT ba shi da 'yan fitilun nan na Caps Lock da Num Lock. Ba wanda zai gaya masa ya kunna su.

A watan Agusta 1984 sai ga AT, samfurin 5170, mai ƙwaƙwalwar 80286. Kibod ɗinta maɓallai 84, shi ma Model F ne, fulogin bai canja ba ko kaɗan, ƙafafun wuta da na saƙo duk suna inda suke. Amma a cikin madabod, wato babban allon cikin kwamfuta, an dasa sabon aisi, Intel 8042, wanda aikinsa shi ne hira da kibod. Yanzu magana ta zama kai da kawowa. Kwamfuta na iya cewa kunna fitila, ko rage saurin maimaita harafi, ko sake aiko abin da ka faɗa ban ji ba. Tsarin ƙunshin saƙon ma ya canja: ɗigo 11 ne, ɗaya na buɗewa, takwas na saƙo, ɗaya na tantance kuskure, ɗaya na rufewa. XT ba ta san da ɗigon tantancewa ba.

Bayan haka lambobin maɓallan ma an sake su. Ɗauki harafin A. A kundin XT, idan ka danna shi kibod zai aika 1E, idan ka saki ya aika 9E. A kundin AT, dannawa 1C ce, saki kuma F0 sannan 1C. Ita wannan 1C da AT ke nufin A da ita, a kundin XT lambar Enter ce. To ka ga ko da saƙon ya isa lafiya, fassararsa ba za ta yi daidai ba. Abin burgewa shi ne, don kada tsofaffin manhajoji su daina aiki, shi 8042 yana karɓar lambobin AT daga waya ya juya su zuwa na XT kafin ya miƙa wa manhaja. Wato tafinta na farko a wannan labari a cikin madabod ɗin AT yake zaune. 

Saboda haka hukuncin a bayyane yake. Kibod ɗin XT a jikin AT ko duk wata kwamfuta mai ƙwaƙwalwar 286 (wato 80286), 386 ko 486: kwamfuta za ta ba shi umarni, ba zai ji ba, ta ce babu kibod. Kibod ɗin AT a jikin PC ko XT: zai yi ta magana ba a fahimta, ko dai shiru ko tarkacen haruffa. Sauƙin abin shi ne, tunda wutar iri ɗaya ce a ƙafa ɗaya, gwajin ba ya ƙona komai, muddin ka kashe kwamfutar kafin ka soka ko ka zare.

To tsakanin Model F na XT da na AT, wanne ya fi? Wajen daɗin dannawa duk ɗaya suke. A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai sifirin da ke lanƙwashewa ya buga wani ɗan faifai, allon da ke ƙasa ya gane canjin ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Shi ya sa ba sa saurin lalacewa, kuma ƙararsu mai kaifi ce, ƙwas-ƙwas. A ganina ba a sake yin kibod mai daɗin wannan ba. Amma wajen jerin maɓallai, na XT yana da wahalar sabo. An gaje shi ne daga wata kwamfutar IBM da ta gabata, System/23 Datamaster. Shift na hagu ƙarami ne, an cusa wani maɓalli tsakaninsa da Z, Enter siriri ne a tsaye, maɓallan lissafi kuma sun manne da na haruffa ba rata. Masu buga rubutu sun yi ta ƙorafi tun a lokacin. Na AT ya gyara da yawa daga ciki: Shift ya faɗaɗa, Enter ya zama ƙato, an raba ɓangaren lissafi, an sa fitilu uku, an ƙara maɓallin SysRq. Sai dai ya ƙanƙance Backspace, ya kuma kai Esc can wajen maɓallan lissafi, inda hannu ba ya zuwa da sauri. Dukkansu biyun F1 zuwa F10 suna gefen hagu a layi biyu, Ctrl kuma yana kusa da A. Wanda ya saba da manhajojin rubutu na WordStar ko WordPerfect zai gaya maka nan ne mazauninsu na gaskiya.

Model M, wanda ya haɗa gidan

Jerin maɓallan da ke gabanka yau, F1 zuwa F12 a sama, kibiyoyi huɗu a ware, Ctrl biyu da Alt biyu, ya samo asali ne daga kibod mai maɓallai 101 da IBM ta kawo wa kwamfutocinta a 1986. Shi ne Model M. Sifirin mai lanƙwashewa yana nan, amma a ƙarƙashi an sa shimfiɗar leda mai rahusa a madadin allon Model F. Dannawarsa ta ɗan fi nauyi, ƙararsa ta fi kauri.

Abu biyu suka sa nake fifita shi ga mai son kibod ɗaya tak. Na farko, a na farko-farkon wayar ana cire ta daga jikin kibod, don haka kana iya ajiye waya mai babban DIN da waya mai ƙaramin fulogin PS/2, jerin kwamfutocin IBM da suka biyo bayan AT, ka riƙa sauyawa. Na biyu, na farko-farkon suna jin yare biyu: idan an kunna wuta sukan lura da yadda kwamfuta ta tarbe su, su zaɓi XT ko AT da kansu. Juya shi ka duba takardar da ke manne a bayansa, akwai lambar samfuri da ranar ƙira. 1390120 shi ne wanda aka yi wa XT, ba shi da fitilu. 1390131 na AT ne, da fitilunsa. 1391401 shi ne ya fi yawa a duniya, wanda ya zo tare da PS/2 daga 1987.

Amma kada a ɗauki wannan jin yare biyun a matsayin alƙawari. XT ba ta san sababbin maɓallan ba sai wadda ke ɗauke da BIOS (manhajar cikin madabod da ke tayar da kwamfuta) na 1986, wato na Janairu ko na Mayu na shekarar. A kan 5150 da XT na farko, wasu Model M na yi, wasu ba sa yi. Na shekarun 1990 kuma, bayan da aikin ƙira ya koma hannun kamfanin Lexmark a 1991, da yawansu yaren AT kawai suka iya. Tun 1996 kamfanin Unicomp da ke Lexington a jihar Kentucky ta Amurka ke ci gaba da ƙera su. Sabo daga wurinsu zai yi maka aiki a kwamfutar zamani, amma ba shi ne maganin XT ba.

Wanda a zahiri ya fi kowa sauƙin kai ba na IBM ba ne. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa farkon 1990, kamfanonin da ke kwaikwayon IBM sun san abokan cinikinsu sun rabu biyu, sai suka riƙa sa wani ɗan makunni a ƙarƙashin kibod, an rubuta X da A, ko XT da AT, wani lokaci 8088 da 80286. Za ka same shi a kibod da yawa na Chicony, Focus, Cherry da Key Tronic, Northgate OmniKey kuma nasa 'yan ƙananan makunnai ne a jere. Duk lokacin da na ga tsohon kibod mai babban fulogi a cikin kayan gwanjo, abin da nake fara yi ke nan, in kifa shi in duba cikinsa. Idan makunnin na nan, ka samu kibod ɗin da zai yi wa 5150 aiki da safe, ya yi wa 486 da yamma, ba tare da wani caca ba. Ka tuna kawai a kashe wuta kafin a juya makunnin, domin lokacin tashi ne kibod ke duba shi.

Batun PS/2 gajere ne. A watan Afrilu 1987 IBM ta ƙanƙance fulogin zuwa ƙaramin DIN mai ƙafa 6, amma yaren na AT ne bai canja ba. Don haka 'yar adafta mara komai a ciki sai waya ta isa ta haɗa kibod ɗin AT da ramin PS/2, ko ta haɗa na PS/2 da ramin AT. Wannan adaftar ba ta mayar da kibod ɗin XT ya zama na PS/2. Siffa kawai take canjawa.

Waɗanda suka yi kama da IBM amma ba su bi ta ba

Nan ne ake asarar kuɗi. Akwai kwamfutoci da ke aiki da DOS, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin IBM, suna karɓar manhajojin IBM, amma kibod ɗinsu nasu ne su kaɗai.

Tandy 1000, wadda ta fito a ƙarshen 1984 ta kuma yi kasuwa sosai a Amurka, tana da kibod mai maɓallai 90 da fulogin DIN mai ƙafa 8. Tana da F11 da F12 tun kafin IBM ta kawo su, amma lambobin wasu maɓallanta sun saɓa. Sai a samfurin SL da TL na 1988 Tandy ta koma ga kibod irin na XT. Amstrad PC1512 ta 1986, wadda ta cika Ingila da sauran Turai saboda araha, fuloginta DIN ne mai ƙafa 6, kuma a bayan kibod ɗin akwai ramin sandar wasa. Ita wannan kwamfutar ma wutarta daga cikin allon kallo take fitowa, don haka in za ka saya, ka sayi ukun tare: kwamfuta, allo da kibod. Olivetti M24 ta Italiya, wadda aka sayar a Amurka da sunan AT&T 6300, ita ce mafi haɗari. Fuloginta mai ƙafa 9 ne, kuma bolt 12 take tura wa kibod. Wanda ya yi dabarar yanke waya ya haɗa mata kibod na bolt 5, ya gama da shi nan take. IBM da kanta ta yi irin wannan a PCjr ta 1984: kibod mai maɓallai 62 da ke aika saƙo ta hasken da ido ba ya gani, yana cin batir huɗu, maɓallansa kamar na kalkuleta. Ƙorafi ya yi yawa har kamfanin ya musanya wa mutane da wani kyauta, amma shi ma sabon PCjr kaɗai yake yi wa aiki.

Shawarata a kan duk waɗannan ɗaya ce: kada ka sayi kwamfutar ba tare da kibod ɗinta ba, ko da an karya maka farashi. Neman kibod ɗin daga baya yakan fi kuɗin kwamfutar, kuma araha ba ta ado.

Akwai kuma ƙattin kibod na IBM masu maɓallai 122, da layi biyu na F har zuwa F24. Kyawunsu na jan ido, kuma sau da yawa sun fi arha. Ba na kwamfutar mutum ɗaya ba ne, na tashoshin da ke jone da manyan kwamfutocin banki da ma'aikatu ne. Fuloginsu ko dai DIN ne mai ƙafa 5 da aka baza su fiye da na PC, ko irin na wayar intanet, kuma suna amfani da kundin lambobi na uku, ba na XT ba, ba na AT ba. Ba za su yi wa XT ko AT aiki kai tsaye ba. A kwamfutar zamani kuwa, da tafinta mai kyau, suna da daɗi ƙwarai.

Amiga da Apple

Amiga ta kamfanin Commodore ita ce babbar shaida cewa ido ba ya isa. Amiga 1000 ta 1985 tana da fulogi irin na kan tarho. Amiga 2000 ta 1987 da 3000 suna da babban DIN mai ƙafa 5, sak na XT da AT. Amiga 4000 ta 1992 tana da ƙaramin DIN mai ƙafa 6, sak na PS/2. Siffa uku, amma yare ɗaya ne, na Amiga, wanda a cikinsa kibod ke jiran kwamfuta ta amsa masa bayan kowane saƙo kafin ya aika wani. Ma'ana, kibod ɗin Amiga 2000 zai yi wa 4000 aiki da adafta ta waya zalla, amma kibod ɗin PC da ya shige ramin daidai ba zai ce uffan ba. A gidan IBM fulogi ɗaya ne yare biyu. A gidan Amiga fulogi uku ne yare ɗaya.

A wajen Apple zamani uku ne. Apple II ta 1977 kibod ɗinta a jiki yake, manyan haruffa kawai yake bugawa, sai a IIe ta 1983 ƙananan haruffa suka zama na kowa, kuma ba a musanya na wannan da na waccan. Macintosh ta Janairu 1984 ta zo da ɗan kibod ba kibiyoyi ba ɓangaren lissafi, sai Macintosh Plus ta 1986 ta ƙara su. Waɗannan na farko-farkon suna iya aron kibod ɗin juna. Amma ga tarko: wayarsu mai murɗe ce, kanta irin na wayar da ke haɗa kan tarho da gindinsa. Ta Macintosh a miƙe aka haɗa ta, ta tarho kuwa a juye. Ka sa ta tarho, ka juya wuta da ƙasa, kana iya ƙona kibod. Idan asalin wayar ta ɓata, sai ka sa mita ka auna kowace ƙafa kafin ka yarda da wata.

Daga Satumba 1986, da fitowar Apple IIGS, sai aka kawo sabon tsarin jona kibod mai suna ADB, wanda Macintosh SE da Macintosh II suka ɗauka a Maris 1987. Ƙaramin DIN ne mai ƙafa 4, kuma ana jona linzami a jikin kibod, kibod a jikin kwamfuta. Wannan zamanin ya fi kowanne kwanciyar hankali, domin kibod ɗaya zai yi maka daga IIGS har zuwa Power Macintosh G3 mai shuɗi da fari ta 1999. Idan zaɓi ne, Apple Extended Keyboard II na 1990 shi ne wanda zan nuna maka. ADB ba ya son a zare shi da wuta a kunne, kuma bai san yaren Macintosh Plus ba.

Su Commodore 64, VIC-20 da ZX Spectrum ba su shiga wannan lissafin sosai ba, don kibod ɗinsu ba shi da ƙwaƙwalwa, saƙar wayoyi ce kawai da kwamfuta ke dubawa da kanta. Na VIC-20 da na Commodore 64 ana musanya su. Na Commodore 16 ya yi kama da su, amma saƙarsa daban ce.

Adafta da tafinta

Kalmar adafta ta haɗa abubuwa biyu da ba su da alaƙa, kuma masu sayarwa ba sa bambantawa. Akwai wadda waya ce zalla, tana canja siffa. Akwai kuma mai ƙwaƙwalwa a ciki, mai sauraron yare ɗaya ta faɗi wani. Wannan ta biyun nake kira tafinta.

Idan kana da XT ba kibod, tafintan da kake nema shi ne wanda ake kira AT2XT, ɗan ƙaramin allo mai aisin PIC guda ɗaya, da ke karɓar kibod ɗin AT ko PS/2 ya yi wa XT magana da yarenta. Mai gyaran rediyo da ya iya dalma zai iya haɗa shi, in an samu wanda zai zuba wa aisin manhajarsa. Idan kuma akasin haka ne, kana da tsohon kibod kana son ka yi aiki da shi a kwamfutar yau, akwai Soarer's Converter da manhajar TMK, masu hawa kan aisin ATmega32U4. Na farkon yana jin XT, AT, PS/2 har da na tashoshin nan masu maɓallai 122, ya mayar da su USB, kuma yana ba ka damar sauya aikin kowane maɓalli. Na ADB da na Amiga ma akwai nasu.

Abin da nake gargaɗi a kai shi ne 'yar adaftar nan shunayya ko koriya mai ramin USB a baya da fulogin PS/2 a gaba. Ba komai a cikinta. Tana aiki ne kawai da kibod ɗin da tun daga masana'anta aka koya masa yare biyu, kuma yawancin na yanzu ba a koya musu ba. Haka nan masu arhar da ke kai PS/2 zuwa USB, wasunsu ba sa iya ciyar da Model M, don ya fi kibod ɗin zamani jan wuta. Sai ka ga yana ɗaukewa ko yana tsallake haruffa.

Abin da aka rubuta a kan maɓalli

Wanda ke Maraɗi ko Damagaram zai fi cin karo da kibod ɗin Faransa mai farawa da AZERTY, na Kano ko Kaduna kuma QWERTY na Ingila ko na Amurka. Wannan ba matsalar jituwa ba ce ko kaɗan. Kibod ba ya aika harafi, lambar mazaunin maɓalli yake aikawa, kwamfuta ce ke yanke cewa wane harafi ne. A DOS daga 3.3 zuwa sama, umarnin KEYB FR ya isa ya daidaita na Faransa, KEYB UK na Ingila. Na Turai suna da maɓalli ɗaya fiye da na Amurka, 102 a madadin 101, shi ke nan.

Inda abin ya shafe mu kai tsaye shi ne haruffa masu ƙugiya. Tsohon kundin haruffan DOS ba shi da ɓ, ɗ ko ƙ, don haka wannan ba laifin kibod ba ne. Amma idan niyyarka ka sayi tsohon kibod don rubuta Hausa a kwamfutar zamani, ka lura da wannan: tsare-tsaren rubutu da yawa sun dogara da Alt na dama wajen fitar da ƙarin haruffa, su kuwa Model F na XT da na AT Alt ɗaya gare su. Sai ka sa tafinta ya mayar da wani maɓalli ya zama Alt na dama. Model M ba shi da wannan damuwar. Ga marubucin Hausa, wannan kaɗai ya isa ya karkata ma'auni.

Kafin ka biya

Shekara arba'in ba wasa ba ce, kuma kowane iri da ciwonsa. Model F yana da soso a ciki da ke ruɓewa ya zama gari, sai maɓallai su yi sako-sako; ana yanka sabo a sa. Model M an manne farantin ƙarfensa da ƙusoshin roba da ke karyewa. Girgiza shi, in ka ji 'yan abubuwa na kaɗawa a ciki, sun fara zubewa, kuma gyaransa shi ne a huda a sa ƙananan noti. Kibod ɗin Key Tronic na farkon shekarun 1980, irin na Compaq Portable da Apple Lisa, kowane maɓalli yana da ɗan soso da ledar azurfa a ƙasa, kuma kusan dukkansu sun ruɓe yanzu. Sai an sauya su ɗaya bayan ɗaya. Idan kuma kibod mai kyau ya ƙi tashi a kwamfutar da ta dace da shi, duba fis ɗin da ke kusa da ramin kibod a madabod. Soka fulogi da wuta a kunne ne ke kashe shi.

Ga yadda zan zaɓa da kuɗina. Mai 5150 ko XT da ke son komai ya zama na asali, ya nemi Model F mai maɓallai 83, ya san cewa ita kaɗai zai yi wa aiki. Mai 286 zuwa Pentium, Model M mai lamba 1391401 da adafta ta waya ya ishe shi. Mai kwamfutocin DOS na zamani daban-daban a ɗaki ɗaya, ya nemi mai makunnin X da A, ko ya haɗa Model M da AT2XT. Ni na fi son na biyun, domin na san abin da hannuna zai taɓa kowace rana. Wanda rubutu kawai yake so a kwamfutar yau, kuma ƙara ba za ta dami mutanen gida ba, Model F na AT da tafintan USB shi ne ƙololuwa, in ya yarda zai zauna ya gyara wa Esc da Alt mazauni. Mai Tandy 1000 ta farko, Amstrad, Olivetti, PCjr, Amiga ko Macintosh Plus kuwa, ya tambayi mai sayarwa ya kunna kwamfutar da kibod ɗinta a gabansa, ya danna kowane maɓalli daga Esc har zuwa na ƙarshe, sannan ya ƙirga kuɗi.